Mijin Dandamali

Duk garin da aka liƙa hoton Mabel Ockenden a bango, sai ka ga na Cyril Dunnock a gefe, ɗan ƙarami, ya kare kai da hannuwa biyu kamar mai jiran saukar duka. Kusan shekara talatin suka yi a haka. A kan dandamali ita ce Misis Bagshaw mai gidan haya, mace mai faɗin ƙugu da muryar da ke kaiwa kujerar ƙarshe ba tare da ta ɗaga wuya ba. Shi kuwa Mista Bagshaw ne, mijin da bai taɓa kai ƙarshen magana ba a katse shi ba. In wasa ya zo ƙarshe sai ta ɗauko kasko ta rafka masa a tsakar ka, mai ganga ya buga daidai da saukarsa, Cyril ya yi juyi ɗaya ya zube, gida ya kaure da dariya. Kaskon na kwali ne da aka shafa wa baƙin fenti. Rabin Ingila sun ɗauka mata da miji ne na gaske, alhali ko hannunta bai taɓa riƙewa ba sai in za su rusuna wa 'yan kallo.

Mabel 'yar Oldham ce, garin masaƙu da hayaƙi. Uwarta ɗinki take yi wa wani gidan wasa, ba ta da inda za ta bar yara, sai ta riƙa zuwa da su tana kwantar da su cikin kwandon tufafi, Mabel da yayarta Edie. Tana da shekara bakwai yarinyar da ke fitowa a matsayin kyanwa a wasan Kirsimeti ta kamu da ƙyanda, aka zura Mabel cikin rigar kyanwar. Shigarta ke da wuya wutsiya ta harɗe mata ƙafa, ta kife da ciki, ta ɗago ta dubi wutsiyar kamar wadda aka ci wa amana. Mutane suka yi ta dariya har da buga ƙafa a ƙasa. Washegari aka ce ta sake faɗuwa, kuma daidai wurin.

Ita ba abin da take so ke nan ba. Da ta zama budurwa, burinta ta sa mutane kuka. Ta yi ta naci har wani mai kamfani ya gaji ya ba ta fitowa a matar masuncin da teku ya cinye wa miji. Ta haddace komai, ta yi ta gwadawa gaban madubi har ita kanta sai ta ji ƙwalla. Ranar wasan aka ɗaga labule, ta shigo da baƙin mayafi. Ko baki ba ta buɗe ba wani daga can baya ya tuntsire, sai abin ya bazu kamar wuta. Laifin fuskarta ne. Allah ya yi mata manyan idanu da ɗan bakin da ke karkata gefe guda, kullum kamar akwai wata tsiya da take shirin faɗa. Ta sha kukanta a bayan labule. Mai kamfanin ya dafa kafaɗarta ya ce, "Yarinya, wasu har su tsufa suna neman abin da kika samu a tsaye." Ta share ido ta koma ga abin da aka haife ta da shi.

Aure sau ɗaya ta yi, da wani mai busa ƙaho cikin makaɗan gidan wasa, Leonard. Ya zauna da ita 'yan shekaru, sannan ya bi wata mai rawa zuwa Cardiff bai dawo ba. Ba su haihu ba. Bayan tafiyarsa ne aka haɗa ta da Cyril a wani kamfani mai yawo gari-gari. Siriri ne mai dogon wuya, ba shi da yawan magana. Matarsa Ivy da 'yarsu Maureen suna Hull, sai an sami hutu yake ganinsu. Tun makon farko Mabel ta gane mutumin nan ya iya jira. Yakan bar dariya ta hau, ta hau, sai ta fara gangarowa ya ɗaga gira ɗaya, ta sake tashi. Ita ake yi wa tafi, amma ta san rabin tafin nasa ne. Tare suka sha jiragen ƙasa na ranar Lahadi, da shayin tasha da ya huce, da gidajen haya masu warin dafaffen kabeji. Lokacin yaƙin duniya sun yi wasa jiniya na kuka a waje, ƙura na zubo musu daga rufi, ba wanda ya tsaya.

Shekarar da abin ya faru suna Skegness, a wani ɗan gidan wasa da ke bakin teku, wasa biyu kullum duk tsawon hutun zafi. Mabel ta doshi sittin. Gwiwoyinta sun kumbura, sai ta naɗe su da ƙyalle kafin ta sa rigar Misis Bagshaw. Talabijin ya shiga gidajen mutane, an daina cika gidajen wasa kamar da. Yanzu sai ruwan sama ya koro masu hutu daga kan rairayi suke shigowa, da jiƙaƙƙun riguna da yara masu tsotsar alewa, su zauna jiki na tururi. Da safe Mabel takan leƙa taga. In ta ga hadari ta san yau za a sami mutane. In ta ga rana ta san kujeru za ta yi wa masifa.

Wata Laraba a wasan rana, an kai wurin da Mista Bagshaw zai shigo da kifi naɗe cikin jarida. Mabel ta riƙe ƙugu ta ce, "Tun safe na aike ka! Kamo shi ka je yi a teku?" Amsarsa ita ce wai ya tsaya jana'izar akun maƙwabci ne. Ya faɗi wannan amsa ba adadi. Cyril ya shigo ya tsaya, ya dubi kifin, ya dubi fitilu. Shirun ya yi tsawo. 'Yan kallo suka fara ƙyaƙyatawa, sun ɗauka salo ne. Sai ya matso kusa da ita ya yi magana da muryarsa ta gida, ba ta Mista Bagshaw ba.

"Mabel, wane gari ne nan?"

Bakinta bai jira ta ba.

"Wane gari? Garin da za a binne ka in ba ka miƙo min kifin nan ba! Kuma wace ce Mabel? Au, har wata Mabel gare ka a waje? Da wannan wuyan naka kamar na zalɓe?"

Gida ya ɗauka. Ta fizge kifin, ta riƙa zagaya shi tana zazzaga masifa, ta faɗi maganarta ta faɗi tasa. "Kar ma ka ce min jana'izar aku ka je, don na san ƙaryar da ka shirya ke nan!" Da ya ji an ambaci aku sai wani abu ya motsa a idonsa. Ya ɗaga gira, ya kama bakin zaren, suka kai ƙarshe lafiya.

Ta same shi a ɗakin shiri zaune gaban madubi, gashin bakin ƙarya a tafin hannunsa.

"Tsoho, me ya same ka?"

"Ba komai. Fitilu ne suka kashe min ido."

"Fitilu. Yau ka fara tsayuwa a ƙarƙashinsu?"

"To yau sun fi haske. Ke ma ai kin taɓa mance magana a Bradford, na rufa miki asiri."

"Wannan tun kafin yaƙi ne, kuma haƙori ke min ciwo."

"To ni ma a ce haƙori ne." Ya zaro haƙoransa na roba ya nuna mata. Ta yi dariya ba don ta so ba.

Amma ta san ba yau aka fara ba. Tun cikin sanyi take ganin abubuwa. Ya taɓa jera takalmansa cikin kwanon wanke fuska. Ya kira ta Ivy, alhali Ivy ta daɗe a ƙasa. A Lincoln ya fita sayen taba, sai ɗan sanda ne ya rako shi masauki. Mabel ta riƙa ɓoye waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tura shara ƙarƙashin gado.

Mista Fenwick mai kamfanin ba makaho ba ne. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, ba shi da mugunta, kullum da sigari marar wuta a baki tunda likita ya hana shi kunnawa. Ya gayyace ta shan shayi a wani ɗan shago kan titin bakin teku.

"Ranki ya daɗe, ci kek ɗin nan, kin rame."

"Gerald, duk ranar da ka saya min kek na san akwai wanda za a yanka. Faɗi mu ji."

"Mutanen talabijin na Manchester suna son Misis Bagshaw. Daga Oktoba. Ba yawo, ba gidan haya, har kujera mai sunanki za a ba ki."

"Misis Bagshaw ita kaɗai?"

Ya juya sigarin daga wannan gefen baki zuwa wancan. "A can ba a tsayawa, Mabel. Da an kunna na'ura kin shiga falon mutane kai tsaye. In ya tsaya yana tambayar wane gari ne, babu labulen da za a saki."

"Ai dariya suka yi."

"Sun yi. Ni ban yi ba, ke ma ba ki yi ba." Ya tura mata sukari. "Akwai Desmond Rook. Wasan nan yana kansa, ya sha kallonku."

"Desmond? Mai saurin nan kamar wanda kare ya biyo?"

"Sai ki koya masa."

"Ba na koya wa kowa komai. Na gaji, Gerald. Ko takalmi ba na son sabo, balle miji."

"To ki kai Cyril ƙarshen hutu in za ki iya. Ni dai na gaya miki, kuma ba don talabijin kaɗai na faɗa ba."

Ta ce za ta iya. Ta cinye kek ɗin, don ba ta saba barin abinci a faranti ba.

Daga nan aiki ya zama biyu. Da safe sai ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, ta duba ko ya ɓalla maɓallan riga daidai, ta tsaya a kansa har ya ci ƙwai da burodi, ta rako shi gidan wasa kamar dai hanya ce ta haɗa su. Ta sake tsara wasan a cikin kanta ba tare da ta gaya wa kowa ba. Duk tambayar da za ta yi masa sai ta cusa amsar a ciki, yadda ko kai kawai ya gyaɗa an wuce. Wata rana yana nan garau, har ya fi ta kaifi. Wata rana kuwa kamar ta ɗauki buhun gawayi ta hau bene da shi. Kafin labule ya sauka rigarta ta jiƙe sharkaf. Tsakanin wasan rana da na yamma takan tsoma ƙafafu cikin ruwan zafi da gishiri ta rufe ido, amma kunnenta na kan ƙofarsa, kada ya fice.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wasan ya ƙara karɓuwa. Labari ya zaga gari cewa tsohon nan ya fito da sabon salon ruɗewa. Har wata mata ta tare ta a shagon burodi tana dafe da ciki.

"Mijin nan naki zai kashe ni! Yadda yake yi kamar bai san inda yake ba!"

Mabel ta ce, "Ai ya daɗe yana koyo."

Wata Asabar a ƙarshen Agusta ruwa ya tsuge tun hantsi, gida ya cika maƙil har da 'yan tsaye. Wasan rana ya tafi sumul har ƙarshe. Mabel ta juya ta ɗauko kasko daga kan murhun ƙarya ta ɗaga. A nan Cyril yakan ɗan rusuna, ya rufe ido ɗaya, ya miƙo mata kai kamar mai jiran aski. Ranar bai yi ba. Ya ja da baya har ya bangaji tebur, ya ɗaga hannuwa.

"Don Allah, baiwar Allah, kar ki dake ni. Ban ɗauki komai ba. Gida nake nema."

Ta ga idonsa. Bai san ta ba. Abin da yake gani shi ne wata ƙatuwar baƙuwar mata da ƙarfe a hannu, ga kuma taron mutane cikin duhu suna ihu. Mai ganga ya ɗaga sanda yana jiranta. Daga baya Mabel ta sha tambayar kanta abin da ya hana ta ajiye kaskon nan, ba ta sami amsa ba, sai dai hannu ne da ya saba sauka, ya sauka. Ganga ta yi ƙara. Cyril bai yi juyin ba, bai zube yadda ya saba ba. Ya zauna daɓas a ƙasa ya fashe da kuka irin na yara, baki buɗe.

Tunda suke ba a taɓa yi musu dariya irin ta ranar ba. Wani a layin gaba har ya zame daga kujera. Aka saki labule, mai jan igiya ya fara ɗagawa don su rusuna, Mabel ta daka masa tsawar da ta sa ya saki igiyar ba shiri. Ta zauna a ƙasa kusa da Cyril, da ƙyar saboda gwiwa. Ta tuɓe hular gashin, ta goge jan bakin da bayan hannu.

"Ni ce, tsoho. Mabel ce. Duba ka gani."

Ya daɗe yana dubanta. "Mabel. Wata mata ta dake ni."

"Na gani. Ta tafi, ba za ta ƙara ba."

Wasan yamma Desmond Rook ne ya yi. Ashe Mista Fenwick ya jima da ajiye shi a wani masauki cikin garin, yana jiran irin wannan rana. Mabel ba ta yi faɗa ba. Ba ta da ƙarfin yi.

Ta yi wa Maureen waya. Washegari Lahadi ta haɗa wa Cyril kaya, akwati ɗaya, shi ma bai cika ba. Ta ce masa sabon aiki suka samu a Hull. Suka hau jirgin ƙasa zuwa Grimsby, daga can zuwa bakin kogin Humber inda ake shiga jirgin fito. Ranar kuwa garau yake, kamar da gangan. Ya tsokani mai duba tikiti, ya ci burodinsa da cuku ya ƙara da rabin nata, ya ce hularta ta yi kama da kazar da mota ta taka.

Sai da suka zauna kan benci a jirgin fito, iska na kaɗa su, ruwan kogin ja-ja kamar shayi da madara, sannan ya yi magana ba tare da ya dube ta ba.

"Babu wani aiki a Hull. Na san inda za ki kai ni."

"To me ya hana ka faɗa tun safe?"

"Ke ke da magana. Ni nawa jira ne." Sai ya tambaya, "Desmond ne?"

"Shi ne."

"Tabɗi. Zai tattake miki dariya kamar saniya a gonar kabeji." Ya ɗaga wuyan kwat ɗinsa. "Kin yi sauri, Mabel. Da kin bari mun ƙarasa hutun nan. Ai saura kaɗan."

Ta lura abin da ya faru jiya babu shi a kansa ko kaɗan. Ta bar shi a haka.

"Na yi sauri," in ji ta.

"Kullum haka kike. Tun Bradford nake gaya miki."

Maureen na jiransu a gaɓa da jakar cefane a hannu, mace mai shekara arba'in da 'yan kai, fuskar ubanta sak amma babu sanyinsa. Ta sumbaci tsohon a kunci ta ce, "Sannu, Baba." Ta dubi Mabel ta ce, "Sannu, Mis Ockenden." A gida ta nuna ɗakin da ta kwashe keken ɗinkinta ta sa masa gado. Sai da suka shiga kicin su biyu ta ajiye butar shayi da ƙarfi.

"Duk Kirsimetin duniya yana wani gari kina rafka masa kasko. Uwata ta cika yana Sunderland. Kin ci tsokar, yanzu kin kawo min ƙashin."

Mabel ta ce, "Ba ya son madara da yawa a shayi. In ya tashi zai fita kuma kar ki hana shi, ki ce ku tafi tare."

"Ubana ne. Na sani."

"Ba ki sani ba, 'yar nan. Amma za ki sani."

Da za ta tafi Cyril na zaune gaban taga yana kallon titi. Ya ɗaga mata hannu yadda ake yi wa wanda za a gani gobe.

Desmond bai yi laifi ba. Mutum ne mai ladabi, yana buɗe mata ƙofa, yana tambayar lafiyar ƙafa. Yana da sauri, gaskiya ne, amma 'yan kallo ba su lura ba. Dariya ta riƙa zuwa a wuraren da ta saba zuwa. Mabel ta so a ce ta ragu ko da kaɗan ne. Ba ta ragu ba.

A Manchester aka sa su cikin wani ƙaton ɗaki marar taga, wayoyin lantarki shimfiɗe ko'ina a ƙasa, an zana mata da alli inda za ta tsaya. Wani mai tabarau ya riƙa ce mata ta rage murya, ta rage fuska, na'ura na ganin komai. Ta rage. Cikin 'yan watanni ta yi sunan da duk yawon da ta sha bai ba ta ba. Direbobin bas suna danna mata ƙaho, mata suna nuna ta a kasuwa. Ta sami ɗaki mai ɗumi da motar da ke zuwa ɗaukarta. Ta riƙa cewa za ta je Hull da zarar an sami sarari. Sau ɗaya ta je, ta tarar yana barci, Maureen ta ce gara kar a tashe shi don jiya bai runtsa ba. Ta zauna ta kalle shi, ta sha shayi, ta dawo.

A sanyi na biyu Cyril ya rasu. Lokacin ita da Desmond suna Leeds suna wasan Kirsimeti a kan dandamali. Mabel ta roƙi a ɗauke mata wasan rana, za ta je jana'iza da safe ta dawo ta yi na yamma. Mutane ba su da yawa a maƙabartar, maƙwabta ne da wasu tsofaffi biyu da suka yi makaranta tare da shi. Faston ya ce marigayin ya sa dubban mutane farin ciki, ya yi sauri ya rufe littafi don ruwa ya fara.

A gida Maureen ta zaunar da ita kan kujera mai taushi kusa da wuta. Maureen ɗin ta rame, idanunta sun faɗa. Ta miƙo mata shayi da burodi da nama, ta tsaya a kanta.

"Ke kaɗai kika riƙe shi a haka, kina kuma hawa dandamali sau biyu a rana?"

"Haka dai aka lallaɓa."

"Ni ga miji ga maƙwabta, amma na kusa zaucewa." Ta juya ta shiga tattara kofuna.

Mabel ta ce bari ta ɗan miƙe ƙafa kafin lokacin jirgi. Ɗumin wuta ya ratsa ta, barci ya yi awon gaba da ita. Maureen ta ga lokaci ya yi, ta zo za ta tashe ta, ta tsaya tana kallonta, sai ta ɗauko bargo ta lulluɓe ta. Ko da Mabel ta farka la'asar ta wuce, jirgi ya daɗe da tafiya. Ta zura takalmi ta fita da sauri zuwa rumfar waya a bakin titi, ta kira Mista Fenwick tana haki.

"Kwantar da hankalinki, ranki ya daɗe. Pauline mai jiran ko-ta-kwana ta yi na rana, mun cusa mata matashi biyu cikin rigarki. Ita za ta yi na yamma. Ki taho gobe."

"An yi dariya?"

"Sosai ma."

"Har a wurin kifi?"

"Har a wurin kifi."

Ta jingina da gilashin rumfar. Ta yi zaton za ta ji zafi. Abin da ta ji kuwa kamar an sauke mata kaya daga ka.

"Gerald, bar mata rigar."

"Haba, Mabel. Gajiya ce ke magana."

"Ita ce. Ta daɗe tana yi, yau na saurare ta."

Ta ƙarasa alkawarin da ta yi wa mutanen talabijin zuwa bikin Ista, sannan ta tattara ta koma Oldham wurin yayarta Edie, wadda ke da ɗan shagon sayar da zaren saƙa. Mista Fenwick ya biyo ta har can yana roƙo, ya koma hannu biyu. Mabel ta sami kujera a bayan kanta tana naɗe zare. Da farko mutane na shigowa don su gan ta, su sayi ɗan abin da ba sa buƙata su tsaya suna jira ta faɗi wani abu. Ita kuwa sai ta tambaye su wane launi suke so. Sannu a hankali suka daina, ya rage sai masu saƙa na gaske.

Edie ta girme ta amma ta fi ta ƙarfi, kullum tana mitar cewa Mabel na gyangyaɗi a gaban masu saye. Wata rana da shago ba kowa, suna jera kaya, Edie ta dube ta ta ƙasan tabarau.

"Ke wai ba kya kewar abin nan ne? Fitilu, tafi, duk wannan?"

Mabel ta yi tunani sosai, don Edie ba ta son amsar wasa.

"Ina kewar Cyril," in ji ta. "Sauran kuwa a'a. Miƙo min shuɗin can na sama."